Faranti Ɗaya da Surukina

Abubuwa da yawa sun shige mini a shekarun da na yi ina aiki a Jidda, har lambar gidan da muka fara zama ta ɓace mini. Amma tafiyar da muka yi da surukina a kan raƙuma cikin hamada, wannan kam ko tsufa ya taɓa mini tunani ba na jin zan manta da ita. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya zaci ɓata muka yi, ko guguwa ce ta rufe mu. Ba ko ɗaya. Abin da ya kusa kayar da mu a wannan tafiya farantin shinkafa ne.

Lokacin ina aikin injiniya a wani kamfanin tace ruwan teku, muna zaune a wani bene a unguwar Safa, ni da matata da yaranmu. Matata ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ce 'yar fari a gidansu. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan yake nufi. Mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, ni kuwa da na aure ta sai na gaji kunyar har da ƙari. Idan na je gaishe shi a gida, tun daga zaure nake tuɓe takalmi in tsuguna, ya ce, "Malam, an zo lafiya?" yana kallon bango, ni ina kallon tabarma. Malam yake ce mini, ni kuma Baba nake ce masa. Cin abinci a gabansa kuwa, ko a mafarki ban taɓa yi ba, shi ma bai taɓa kai ko ruwa bakinsa ina wurin ba.

A wani lokacin sanyi ya zo Umara, ya sauka a wurinmu. Gidan bene ba zaure ba ne, ɗakuna ne a manne da juna, amma duk da haka muka san yadda muka yi. Ana kai masa nasa abincin ɗaki, ni in ci nawa a kicin a tsaye. Idan muka haɗu a hanyar banɗaki sai kowa ya tuna ya manta wani abu, ya koma.

Bayan ya gama ibadarsa ya huta, sai ya fito da abin da ya kawo shi a zahiri. Bai faɗa mini kai tsaye ba, 'yarsa ya faɗa wa, ina falo ina ji. Mahaifinsa mai raƙuma ne, yana fatauci tsakanin Katsina da Agadas. Baba yana ƙarami ƙwarai mahaifin ya tafi aikin Hajji ta ƙasa, bai dawo ba. Waɗanda suka dawo suka ce ya sauke farali lafiya, a hanyar Madina zazzaɓi ya kama shi, suka binne shi kusa da wata rijiya da ayari ke yada zango. Baba ya yi Hajji, ya bi hanyar Madina, amma a cikin mota mai sanyi, a kan kwalta, rabin tafiyar ma barci yake yi. "Ina so in taka ƙasar da ya taka," in ji shi, "a kan abin da ya hau. Ban san fuskarsa ba. Ko hanyarsa in sani."

Matata ta ce sam. Mutum ya haura saba'in, ga ciwon sukari, a ɗora shi a kan raƙumi kwana da kwanaki? Ƙannenta suka yi ta bugo waya daga gida, kowa da tasa fatawar. Baba ya ce ba komai, magana ce dai ya yi. Wannan "ba komai" ɗin ita ta tsaya mini a rai. Ni mutum ne mai taurin kai, matata za ta shaida, kuma idan na ga an taru a kan mutum ɗaya sai in ji na koma bayansa ko da ban gama fahimtar maganar ba. Na ce mata in dai akwai hanya a ƙasar nan, sai tsohon nan ya hau raƙumi.

Hanyar ta samu a wani masallaci a unguwar Bani Malik, inda nake yawan yin Juma'a. Akwai wani abokina a can, haifaffen Jidda, kakanninsa alhazai ne da suka zo suka zauna a unguwar Ammariyya. Hausarsa rabi da rabi ce, sai ya fara magana da ita ya ƙarasa da Larabci. Yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai kai baƙi yawon hamada. Ya ce suna da tafiyar 'yan kwanaki a kan raƙuma, ana kwana a tanti, mota tana bin su a nesa da ruwa da kayan abinci, kuma inda ake ƙarewa wata tsohuwar rijiya ce a kan hanyar ayari ta dā. "Bas, ya akhi," ya ce, "ba wanda zai rantse maka ita ce rijiyar. Rijiyoyin katir ne, da yawa." Na kawo wa Baba maganar ta bakin 'yarsa. Ya ce shi ba kabari yake nema ba, in dai hanyar ce, ta ishe shi.

Da farko ƙanen matata da ke aiki a Riyad ne zai raka shi, ni in tsaya a gida. Ana jibi tafiya kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya hana shi hutu. Matata kuma tana da aiki a asibiti, ga tafiyar ta maza ce zalla. Ya rage saura ni. Ta zaunar da ni ta yi mini karatu kamar ɗan makaranta: ga ƙwayar magani, safe da yamma, kuma ba a shan ta sai an ci abinci sosai, in ba haka ba sukarin zai faɗi ƙasa. Ga na'urar gwaji, ga yadda ake tsira yatsa. Na ce ta bar mini komai. Mun yi lissafin bargo, mun yi na takalmi, har man shafawa na gwiwa mun saya. Ni da ita ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda ake cin abinci a hamada.

Bayan sallar asuba muka fita daga gari, muka yi arewa. Da rana ta ɗaga muka bar kwalta, motar ta yi ta tsalle da mu har muka isa inda raƙuman suke gurfane. Mu ba mu da yawa: ni, Baba, abokina, da wasu baƙi 'yan ƙasashen gabas da suka zo da manyan kyamarori. Ja-goranmu wani Badawi ne, Balaraben hamada, siriri, mai furfura a gemu, da 'yar sanda a hannu, ba ya magana sai ta kama.

Abin da na gani a wurin nan ya biya ni duk rigimar da na sha. Baba, wanda a gida sai ya dafa bango yake tashi daga kujera, ya nufi wata taguwa kai tsaye, ya shafa wuyanta, ya duba ƙafafunta, ya ja igiyar sirdin ya ga ko ta ɗauru. Ashe 'yan uwan mahaifinsa sun riƙe shi a cikin raƙuma har ya zama saurayi. Ja-goran ya tsaya yana kallonsa, can ya gyaɗa kai ya miƙa masa akala. Ni kuwa ba wanda ya gaya mini raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Sai ji na yi an wurgo ni gaba, na rungume sirdi, na karanto duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Baƙin nan suka yi ta dariya. Baba ya kau da kai yana kallon duwatsu kamar bai ga komai ba, kuma ranar na gode wa kunya.

Tafiyar yinin farko ta yi daɗi, ban da cinyoyina da suka yi tsami. Yashi ja, sai fili mai tsakuwa, sai 'yan itatuwan ƙaya jefi-jefi. Ba ƙarar komai sai takun raƙuma da kukan sirdi. Ina bayan Baba ina kallon yadda yake tafiya da jikin taguwar, bayansa a miƙe, yana ɗan rera wani abu a hankali.

Gab da magariba muka yada zango a gindin wani dutse. Aka kafa tantuna, aka hura wuta, aka zagaya da gahawa da dabino. Bayan salla sai ga mai dafa abinci ya fito da wani ƙaton faranti, kabsa ce, shinkafa da naman rago a kai, ya dire a tsakiyar shimfiɗa. Faranti ɗaya tak. Ja-goran ya ce, "Yalla, bismillah," kowa ya matso ya naɗe hannun riga. Na ga Baba ya zauna. Ƙafafuna da kansu suka juya, na ce bari in je in duba raƙuma, kamar wanda ya san abin da ake dubawa a jikinsu. Na yi ta zagaye a bayan dutse har na ji an tashi. Mutanen hamada ba sa zama a kan abinci, ci suke yi su miƙe. Ko da na dawo an kwashe farantin. Na ci dabino da wani biskit da ke aljihuna, sannan na tsaya a bakin tantin Baba.

"Baba, an ci abinci?"

"Alhamdu lillahi."

"An sha maganin?"

"An sha, Malam."

Hankalina ya kwanta. Da safe aka kawo gurasar da aka gasa a garwashi, da wake da man zaitun, ita ma a faranti ɗaya. Na sake zuwa duba raƙuma. Na sake tsayawa a bakin tanti, na yi tambayoyina, aka ba ni amsoshin jiya.

Kafin mu tashi abokina ya ja ni gefe. Ya ce ja-goran yana tambaya ko abincinsu yana da wani aibi ne. Na ce ko kaɗan, sai dai in da hali a riƙa zuba mini nawa daban. Ya je ya dawo yana sosa kai. A wurin mutanen nan, in ji shi, abokin tafiya a faranti ɗaya yake ci, wanda ake ware wa kwano sai mai ciwo ko wanda aka yi faɗa da shi. Na so in yi masa bayani, sai na ga abin zai yi tsawo, shi kansa kunyar suruki a bakin kakarsa kawai ya taɓa jin ta. Na ce a bar shi. A raina na ce ni da na yi azumi a zafin Jidda, yunwar kwana biyu ba za ta kashe ni ba. In dai Baba yana ci, an gama.

Yini na biyu ya fi na farko tsawo. Muka shiga wani fili mai baƙaƙen duwatsu, iska mai sanyi tana bugun fuska. Da rana aka tsaya, na sulale kamar yadda na saba. Bayan la'asar ne na lura Baba ya daina rerawa. Can na ga bayansa ya lanƙwashe, yana karkata gefe ɗaya ya dawo. Na matsa kusa da ƙyar, don raƙumina ba ya jin maganata. Gumi ne ke zuba daga fuskarsa a cikin wannan sanyi, hannunsa na rawa a kan akala. Na ce, "Baba?" Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya kira ni da sunan wani ƙanensa da ya daɗe da rasuwa.

Na ƙwala wa ja-goran kira. Kafin in san yadda zan sauka ya riga ya diro, ya kama akalar taguwar ya gurfanar da ita. Ni dai faɗowa na yi, na taro Baba a ƙirjina. Wannan ne karo na farko da na taɓa jikinsa ban da musafaha, kuma na ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Na tsira masa yatsa, na'urar ta nuna abin da matata ta ce in na gani kada in tsaya tunani. Abokina ya kawo sukarin shayi, muka dama a ruwa. Da hannuna na ɗaga kansa na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, na ɓare dabino na sa masa a baki, ina cewa, "Tauna, Baba, tauna." A hankali idonsa ya dawo. Da ya gane a jikin wa yake kwance, sai ya jawo gefen rawaninsa ya rufe baki, ya kau da kai.

"Malam, an wahalar da ku," ya ce.

Na tashi na koma gefe. Na ce wa abokina ban gane ba, mutum yana cin abinci, yana shan magani a kan ƙa'ida, me ya kawo wannan? Ya dube ni kamar na yi magana da wani yare.

"Wane ci? Ya akhi, kai ba ka gani, don ba ka nan. Loma biyu yake yi ya janye hannu. Ina ce masa, kul ya ammi, ci mana, sai ya ce a'a, bari ya tashi Malam ya samu wuri ya zo ya ci. Kullum haka. Ni na zaci kun shirya ne."

Ban san lokacin da na zauna a kan dutse ba. Ashe ina bayan dutse ina ba shi wuri, shi yana tashi da yunwa yana ba ni wuri, farantin yana tsakiya baƙi suna cinyewa. Kuma yana komawa tanti ya haɗiye ƙwayar a kan cikin da ba komai, don kada in tambaya ya ce bai sha ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi fushi.

Ja-goran bai jira bayaninmu ba. Ya kira motar ta rediyo, ya nuna Baba da sandarsa, ya ce, "Halas. Sayyara." An gama, a mota zai koma. Baba ya ji, don ba ya buƙatar tafinta a wannan. Ya dubi taguwar da ke gurfane tana tuƙa, ya dubi arewa inda muka nufa, sannan ya fara naɗe bargonsa da kansa. "To," ya ce a hankali, "Allah bai nufa ba." Irin muryar da ya ce "ba komai" da ita a gida.

Nan taurin kan nawa ya motsa. Rijiyar saura tafiyar yini ɗaya. Mutumin nan ya jira ta tun yana yaro, kuma na san in ya shiga motar nan ba zai ƙara dawowa ba, 'ya'yansa ba za su bari ba, shekaru ma ba za su bari ba. Da ciwo ne ya kayar da shi, da ni zan fara ɗaukarsa in sa a mota. Amma ba ciwo ba ne, yunwa ce, ga shinkafa buhu guda a bayan mota. Na ce wa abokina ya fassara kalma da kalma, kada ya sassauta. Na ce wa ja-goran tsohon nan ba yawon buɗe ido ya zo ba, mahaifinsa yana kwance a wani wuri a ƙasar nan. Na gaya masa dalilin da ya sa ba ma ci, cewa a wurinmu mijin 'ya ba ya cin abinci a gaban uban matarsa, girmamawa ce, ba ƙin abincinsa ba. Ya saurara fuskarsa a murtuke. Ya ce shi bai taɓa fita da baƙo ya dawo da gawa ba, kuma ba zai fara a kanmu ba. Na ce ni ma ban zo da uban matata don in koma ba shi ba. Muka yi ta yi, abokina yana tsakiya yana gumi.

Da motar ta iso, akwai wayar tauraron ɗan Adam a ciki. Na kira matata. Ta fara da faɗa, ta yi mai isarta, na yi shiru don ta fi ni gaskiya. Da na gaya mata yadda aka yi, sai na ji tana jan hanci. Can ta dawo ma'aikaciyar jinya. Ta ce kada ya sha ƙwayar yamma, a ƙara gwada shi kafin ya kwanta da kuma da safe, in ya daidaita kuma ya ci abinci sosai, zai iya ci gaba. In bai ci ba, in sa shi a mota ko yana so ko ba ya so. "Kuma a kan idonka zai ci," ta ce. "Ba a bakin tanti za ka tsaya kana tambaya ba."

Ja-goran ya ji sharaɗin, ya ƙara nasa. Ya ɗaga yatsu biyu, ya nuna ni, ya nuna Baba, ya nuna ƙasa inda ake ajiye faranti. Marasa ci biyu ne a ayarinsa, in ji shi, kuma sai ya ga hannayen duka biyun a ciki.

A nan muka yada zango. Na yi aiki a wurare masu haɗari, na taɓa shiga cikin tankin da iska ba ta isa, amma ban taɓa jin tsoro irin na tafiyar da na yi daga tantina zuwa shimfiɗar nan ba. Aka dire farantin bayan magariba. Baba yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Na zo na zauna daidai gabansa. Na ga kafaɗarsa ta motsa zai yunƙura.

"Baba," na ce, ina kallon shinkafa, "yau kam sai an yi haƙuri da ni. Ba zan tashi ba, kuma ina roƙo kada a tashi. In ba a ci ba, mota za a shiga. Ni kuma na ɗauki alkawari sai an ga rijiyar nan a kan raƙumi."

Bai motsa ba. Baƙin nan ma, da ba su san me ake ciki ba, suka tsaya da hannuwa a sama. Na ga in na jira shi za mu kwana a haka. Na yi bisimilla, na sa hannu, na dunƙula loma na kai baki a gaban uban matata. Kunnuwana suka yi zafi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lomar ta tsaya mini a wuya ta ƙi wucewa, na dage na haɗiye ta, na ƙara ɗebo wata.

"Malam," in ji Baba. "Taso daga nan."

A raina na ce shi ke nan, na ɓata komai.

"Dawo nan gefena."

Na zagayo na zauna a damansa, kafaɗa kusa da kafaɗa, mu duka muna fuskantar inda rana ta faɗi. Sai a lokacin na gane dabarar: a haka ba wanda yake ganin bakin wani. Na ji ya yi bisimilla. Ta gefen ido na ga hannunsa ya shiga farantin, ya fita, ya sake shiga. Ban ƙirga ba, amma ya wuce biyu nesa ba kusa ba. Can sai na ga yatsansa ya turo wata tsokar nama a hankali zuwa gabana. Na mayar masa. Ya sake turowa, bai dube ni ba. Ja-goran, wanda tun da muka fito ban ga haƙoransa ba, ya fashe da dariya, ya yago nama ya jefa gaban kowannenmu. Na ci, hawaye na taruwa a idona, na ɗora laifin a kan hayaƙin wuta.

Da safe na'urar ta nuna lafiya lau. Muka karya gefe da gefe. Ja-goran ya zo ya dubi idon Baba, ya kama hannunsa ya matsa, sannan ya miƙa masa akalar taguwar.

Rana ta karkata muka isa. Rijiyar ba wani abin kallo ba ce, baƙin nan ma hoto kaɗan suka ɗauka suka koma neman inuwa. Da'irar duwatsu ce a tsakiyar fili, bakinta duk ya zaizaye inda igiyoyin guga suka yi ta ci shekara da shekaru. Can gefe akwai 'yan tarin duwatsu a jere, ba rubutu, ba alama. Ja-goran ya ce matafiya ne, ba wanda ya san ko su waye. Baba ya gurfanar da taguwarsa da kansa, ya sauka. Ya sa yatsunsa a cikin zaizayar igiyar ya daɗe yana shafawa. Sannan ya taka zuwa wurin duwatsun, ya yi musu sallama, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Na tsaya a baya, nesa kaɗan, yadda na saba.

Da ya shafa, sai na ji ya yi magana a fili, da murya irin ta yaro. "Baba, na zo. Ban sani ba ko nan ne, amma na zo." Sai ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, ya yafito ni. Na matso gefensa. "Ga ɗana nan," ya ce, "shi ya kawo ni."



Kada mai karatu ya zaci mun dawo Safa mun zama abokan hira. Muna shiga gida kunya ta koma mazauninta. Ya ci gaba da ce mini Malam, ana kai masa abinci ɗaki, ni ina kicin a tsaye. Sai dai har ya koma gida, duk ranar da aka fito da kwanonsa, akwai tsoka guda da aka ture gefe, ba a taɓa ba. Matata ta yi ta mita wai Baba ya fara ƙin nama. Na ce ta kawo nan, na san mai ita. Bayan 'yan shekaru Allah ya yi masa rasuwa, bai ƙara zuwa Jidda ba.

Har gobe ina ganin girman kunyarmu, kuma ban so 'ya'yana su tashi ba su san ta ba. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa don mutum aka yi ta, don a girmama shi. Ranar da ta zama ita ce za ta cutar da wanda ake jin kunyar, girmamawar ita ce ka danne ta, ka zauna, ka sa hannu a farantin ko da lomar za ta tsaya maka a wuya. Da na bi abin da na saba na sake zagayawa bayan dutse a yammacin nan, da na kare mutuncina tsaf, shi kuma tsohon ya koma Jidda a mota bai ga rijiyar ba.